Ranar da Na Kai Inna Biron Keita

Matar da ke bayan gilashi a bankin nan na Abijan ba ta wulaƙanta ni ba, kada in ɗauki alhakinta. Ta dai duba takardun da na miƙa mata, ta juya su gaba da baya, sannan ta turo mini su ta ƙarƙashin gilashin da ɗan yatsa ɗaya. Takardar lanho ce, wato haraji, ta shekarar da na bar gida, da katin allurar rigakafi da aka yi mini a kan iyaka. Su ke nan abin da na mallaka mai ɗauke da sunana, Iliyasu ɗan Halidu, kuma ni a kaina sun isa su shigar da mutum ko'ina.

Ta yi mini bayani a hankali, da irin faransancin da ake yi wa baƙo. Ana son hoto biyu, da takarda daga wurin aiki, da wata daga mai gidan da nake haya. Sai katin biron jakadan ƙasarmu, wato ofishinsa, shi kuma ba a ba da shi sai da takardar haihuwa. Ta ce ɗan ƙasa in ya ɓace sun san ƙauyen da za su nemi danginsa, ni kuwa baƙo ne, dole a ga abin da ya nuna an haife ni. Na dubi kaina tun daga ƙirji har takalmi, na ce mata da faransancina na bakin jirgi, Madam, ga ni tsaye. Ta yi dariya, ta kira na bayana.

Wannan a 1978 ne. Shekarata biyar ina gadi a wani kamfanin katako kusa da tashar jiragen ruwa, tun farin saba'in da uku da ya watsa samarin yankinmu na Adar cikin duniya. Kamfanin ya ce daga sabuwar shekara duk ma'aikaci na dindindin ta banki za a riƙa biyansa, wanda ba shi da ajiya a banki kuwa ya koma cikin 'yan aikin yini, masu tsayuwa a bakin ƙofa da safe a zaɓi wanda aka ga dama.

Da na koma ɗakinmu na unguwar Tarashbil, inda mu bakwai 'yan Keita da Buza muke kwana kamar buhunan gero, sai suka yi mini dariya. Suka ce akwai wani mutum a bayan kasuwa, kwana uku kacal zai haife ka a duk garin da kake so, har da hatimi. Rabinsu shi ya haife su. Na ce a'a, ni ina tsoron jandarma, gida zan je in yi ta gaskiya.

Ƙarya nake yi. Ni da na tsallaka iyaka biyu a kwance kan buhunan albasa, wane jandarma zan ji tsoro? Abin da ya faru shi ne, ɗaya daga cikinsu ya faɗi yadda ake yin ta gaskiyar: ka kai shaidu biyu biron kumandan mai mulkin yankinku, kowane ya tsaya ya faɗi sunanka da na ubanka da shekarar da aka haife ka, a rubuta. Tun da na ji haka zuciyata ta tafi wuri ɗaya ta ƙi dawowa.

Ni ɗan fari ne. Shekara talatin da ɗaya nake da ita a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba. Na san al'ada ce, ba sai an gaya mini ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar babana, can na girma, ita ta yi mini goyo ta yi mini faɗa. Inna Zinariya tana nan cikin gidan, tsakanina da ita bai wuce taku goma ba, amma in za ta ba ni tuwo sai ta ajiye a ƙasa ta ce a gaya wa wancan. Da aka haifi ƙanena Ɗantala sai na samu ƙarin girma, na zama yayan Ɗantala. Shi kuwa sunansa tun daga gona ake jin ta tana kwaɗa shi, Ɗantala ka sha ruwa, Ɗantala rana ta yi, Ɗantala don ubanka sauko daga itacen nan. Har zagin nake kishi.

Kowa a ƙauyenmu, Gidan Ɗangana, yabonta yake yi. Ana cewa Zinariya mai kunya ce ta gaske, ko Bafillatana sai haka. Ni ma in ana faɗa sai in gyaɗa kai, don ɗan kirki ba ya ƙorafi a kan wannan. Amma abin yana cina, kuma nisa ya ƙara masa kaifi. Wata shekara Ɗantala ya aiko mini da kaset ta hannun wani direba. Duk gidan suka yi magana, kowa ya kira sunana, har yaran da ban san su ba. Da aka zo kan Inna sai aka ji shiru, da kukan akuya daga nesa, sannan ta ce, "A gaida mutanen Abijan." Shi ke nan. Wurin nan na yi ta mayarwa ina saurare har zaren ya tsinke, na liƙe shi, ya sake tsinkewa.

Saboda haka na nemi kwanje, wato hutun aiki, na sati uku. Jirgin ƙasa ya kai ni Wagadugu, babbar mota ta kai ni Yamai, wata ta sauke ni Madawa da ƙafafu a kumbure, daga nan na bi motar 'yan kasuwa ta Buza muka yi ta hawa da gangara a kan duwatsun nan namu da ba su san tausayin taya ba. An gama girbi, rumbuna sun samu abin rufe baki. Da na hango jan tudun da ke bayan ƙauyenmu sai na ce wa direba ya sauke ni.

Na shiga gida da la'asar. Inna tana bakin turmi. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta, wuyanta ya yi tsawo. Ta ɗago ta gan ni, taɓaryar ta tsaya a sama kamar ƙiftawar ido, sai ta ci gaba da daka. Ta ce wa matar Ɗantala, "Indo, ba baƙo ruwa."

Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta amsa tana duban turmi. Ta tambayi Indo ko hanya lafiya, Indo ta tambaye ni, na amsa wa Indo.

Washegari na ja Ɗantala bayan rumbu na gaya masa abin da ya kawo ni. Na ce shaida ɗaya Baba Isaka ne, wanzamin da ya yi mini askin suna, don shi kaɗai ya rage cikin dattawan da suka ci ragon. Ɗayar kuma dole sai uwa.

Ɗantala ya dube ni a karkace. "Yaya, ni nig ga Mahaman na Zaliha yay yi tashi bara. Dattawa biyu yak kai, babu macce ciki."

"Tashi ta gida ta. Wagga ta banki ta, ta ƙasar waje. Dokatta daban."

"Ka san halin Inna hwa."

"In ba ta tahi ba, aikina ya tahi. Ka hwaɗa mata hakanan."

Ya tafi yana sosa ƙeya. Ban san yadda ya faɗa mata ba. Na dai san ba ta ce komai ba ranar, kuma da safiyar da muka sa na fito na tarar da ita a ƙofar gida ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi, wanda ba ya fitowa sai biki ko ta'aziyya. Na ji kunya ta kama ni, amma ba ta kai ta sa in fasa ba. Murna ta fi ta yawa. Na ce a raina yau dai sai na ji, ko da gwamnati ce za ta matso mini shi.

Tafiyar awa uku ce zuwa Keita. Inna a kan jaki, Baba Isaka a gefenta da zabirarsa, don ya ce ba ya zuwa gari ya dawo hannu sake, ni kuma a baya. Baba Isaka ba ya iya tafiya baki rufe. Ya ba da labarin ranar sunana tun daga farko, yadda na yi masa fitsari a cinya, yadda kaina ya yi tsawo har ya ce wa babana a nemo hula ta musamman. Inna ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Ta yi hira da shi, ta yi wa jaki faɗa, ta gaisa da matan da ke ɗauko ruwa daga kwari. Ni ina baya ina tsallake duwatsu, ina ta maimaita sunana a zuci da muryarta, ina gwada yadda zai fito. Ko za ta ja shi ne irin na Kaka, ko za ta datse shi.

Mun jira a gindin itacen da ke gaban biro har rana ta take. Sannan mai tsaron ƙofa ya kira mu. Ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya da benci, da babban littafi, da mashin ɗin buga rubutu. Mai biron wani siririn mutum ne da bai wuce sa'ana ba, ana ce masa Mushe Sulemanu. Baba Isaka ya riga ya ba ni tarihinsa a waje, don babu wanda bai sani ba: Kirista ne, ɗan wajen Madawa, ubansa ma'aikacin asibitin mishan. Ya miƙe ya gaida tsofaffin da hannu biyu, ya ba su benci, ni ya bar ni a tsaye.

Da na ce masa takardar haihuwa nake so don banki a Abijan, sai ya fara da Baba Isaka. Baba ya faɗi sunana da ƙarfi kamar mai shela, ya faɗi na babana da na kakana, zai wuce zuwa kakan kakana aka tsayar da shi. Shekara kuwa ya ce damina biyu bayan dawowar 'yan sojan da aka kai yaƙin Turawa, shekarar da tsohuwar rijiyar garinmu ta rufta. Mushe Sulemanu ya yi ɗan lissafi a gefen takarda, ya ce wajen arba'in da bakwai ke nan. Baba ya ce shi dai rijiya ya sani. Aka dangwala masa yatsa a tawada ya danna.

Sai aka juyo kan Inna.

"Inna, mi as sunanki?"

"Zinariya."

"Kin san wanga da at tsaye?"

"Na san shi."

"Ɗiyanki na?"

Ta dubi Baba Isaka, ta dubi ƙasa. "Gidanmu anka haihe shi."

Mushe Sulemanu ya ɗan yi murmushi, ya rubuta wani abu. "To, mi as sunanai?"

Tun da nake ban taɓa kafa wa Inna ido ba sai ranar. Na ga gumi ya tsattsafo mata a saman leɓe. Na ga ta kama bakin mayafinta tana murɗawa a yatsa, ta warware, ta sake murɗawa.

"Yayan Ɗantala na," in ji ta.

"Na ji, Inna. Amma takarda suna taka so."

Leɓenta ya motsa, wallahi na ga ya motsa, na matso taku ɗaya ban sani ba. Babu abin da ya fito. Ta ja mayafin ta rufe rabin fuska, kamar yarinyar da aka kama da laifi a gaban mutane, mace mai jikoki. A nan ne ɗan halak zai ce a bari, a nemo wani dattijo a kasuwa. Ni ban ce ba.

Na ce, "Inna, ki hwaɗi mana. Sau guda ɗai na."

Baba Isaka ya juyo kamar an ɗana masa wuta. "Kai! Abijan ta cinye maka kunya? Uwakka kaka cewa ta hwaɗi?"

Mushe Sulemanu ya ajiye alƙalami. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya yi mini magana da faransanci, ƙasa-ƙasa, don kada tsofaffin su ji. Ya ce wa ya gaya mini dole sai uwa? Na ce haka na ji. Ya ce shi shekararsa shida a kan teburin nan, bai taɓa jin wannan dokar ba. Ina jin ya karanta komai a fuskata, don bai ƙara tambaya ba. Ya koma Hausa ya ce takardar tana son tambur, wato kan sarki, in je posta in sayo, Baba Isaka ya raka ni don ya san hanya.

Na ce, "Na san posta."

"To ku tahi tare dai. Kak ku yi gaugawa."

Na fita kamar an yi mini duka. Hanyar posta ba ta da nisa, amma Baba Isaka ya mai da ita tafiyar yini. Ya tsaya ya gaisa da mai nama, ya tsaya ya duba wa wani ƙurji a ƙeya, duk yana yi mini wa'azi a tsakani. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Hankalina yana cikin ɗakin nan.

Da muka dawo an gama. Mashin yana ta ƙara, Inna tana zaune a waje gindin itace tana duban babban yatsanta da ya yi shuɗi. Mushe Sulemanu ya liƙa tambur, ya ce in dawo jibi bayan kumandan ya sa hannu. Na tsaya a gaban teburin, tambayar tana bakina. Ya ɗago ya ce, akwai wani abu? Na ce babu. Ai ni ma ɗan gidan ne, kunyar da na zo in karya ita ta riƙe mini harshe.

A hanyar komawa babu wanda ya yi dariya. Na yanke wa kaina hukunci cewa ba ta faɗa ba, shi ya karanta mata sunan ta gyaɗa kai, don haka duk mai hankali zai yi. Na ji haushinta, na ji haushin Mushe Sulemanu da shisshiginsa, na fi jin haushin kaina. Da na karɓo takardar ban ƙara kwana uku ba na ce kwanjena ya ƙare, alhali da sauran sati guda. Ranar tafiya na durƙusa daga nesa na yi mata sallama. Ta ce wa Indo, Allah shi kiyaye hanya. Indo ta juyo za ta maimaita mini, na ce na ji.

A Abijan komai ya tafi daidai. Biron jakada suka ba ni kati, mai gidan haya ya sa hannu bayan ya ja mini rai kwana huɗu, na koma wurin matar bayan gilashi. Ta gane ni, ta ɗaga takardar ta ce, to yanzu an haife ka. Ta ba ni ɗan littafi mai shuɗin bango da lamba a kai. 'Yan ɗakinmu suka sa na sayi nama, suka yi ta kirana mai banki. Aikina ya tabbata. Na kawo matata Rabi'atu, muka samu ɗaki namu. Ita ma, tun da mijinta nake, Malam take ce mini. Mutum ya yi ta yawo da suna, ba mai kiransa da shi sai masu biro.

Shekara takwas ban koma ba. Ina aike, ba na fashi, kuma da farin tamanin da huɗu ya zo abin da nake aikawa ne ya riƙe gidan. Ɗantala ya rubuto cewa an fara wani babban aikin gyaran ƙasa a Keita, mata na ɗaukar duwatsu ana jera su a kan tudu don tare ruwa, ana ba su abinci, kuma Inna ta ƙi zama, kullum tana cikinsu da kwando a ka. Na aika a ce mata ta bari. Aka dawo mini da amsa cewa ta ce a gaya wa mutanen Abijan ƙafarta ƙalau. Kowace shekara ina cewa bana zan je, in durƙusa in ce ta yafe mini abin da na yi mata a gaban baƙo. Kowace shekara sai in tuna yadda ta ja mayafin nan, in ce sai baɗi. Kewarta kuwa ba ta taɓa sakina ba. In ina gadi da rana tsaka, katako na ƙamshi, jiragen ruwa na kuka, sai in ji kamar sautin taɓarya daga wani wuri.

Cikin daminar tamanin da shida waya ta zo a kan Inna. Kafin in isa an yi sadakar bakwai. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Na tambayi Ɗantala ko ta bar wata magana. Ya ce ta ce a ba Indo tukwanenta, a biya wata maƙwabciya kwaryar gero, kuma a gaya wa yayansa kada ya sha wahalar zuwa, hanya ba kyau da damina. Na ce, haka ta ce, yayanka? Ya ce to me za ta ce?

Na yi kwana goma. Tudun bayan gari ya canja, an yi masa layi-layi na duwatsu, ciyawa ta fito a inda ban taɓa ganin kore ba. Ɗantala ya nuna mini layin da su Inna suka jera. Na zauna a kai har rana ta yi zafi. A nan na ga ba zan iya komawa Abijan da tambayar nan a cikina ba, ko amsar za ta zama wadda na riga na sani.

A biron Keita aka ce Mushe Sulemanu ya bar aikin gwamnati tuntuni, ya koma wajensu yana riƙe da littattafan asibitin mishan. Na sauka a Madawa, na bi kwatance, na yi ta tambaya har wani mai keke ya kai ni ƙofar gidansa da azahar. Ya yi ƙiba, furfura ta fara masa, ya sa tabarau. Matarsa Lidiya ta kawo mini fura mai sanyi, ta koma ciki. Na fara faɗa masa ko ni wane ne, ina tsammanin sai na yi dogon bayani, don mutum nawa suka wuce ta gaban teburinsa.

Ya katse ni. "Mai banki na Abijan. Wanda nit tura posta." Ya cire tabarau. "Ƙaƙa tsohuwa?"

Na gaya masa. Ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata.

Na ce, "Mushe, abu guda niz zo tambaya. Randa nih hita, kai kak karanta mata ta ɗaga kai, ko?"

"Haka niy yi niyya. Nic ce mata, Inna, ki yi haƙuri, ni za ni hwaɗin sunan, ke ki ɗaga kai ɗai, ya isa." Ya juya tabarau a hannunsa. "Sai tat tambaye ni ko ka yi nisa. Nil leƙa taga nic ce kun kai bakin kasuwa. Tac ce to in aje karatuna, ita za ta hwaɗi."

Na ajiye kwaryar furar a ƙasa.

"Ta hwaɗi, nir rubuta. Sai tac ce in tsaya, wai kak in yi kuskure, ta sake hwaɗi. Nic ce na rubuta daidai, Inna. Tac ce ai mu 'yan lakwal, 'yan boko, ba mu jin Hausa da kyau, bari ta ƙara. Ba ni taka kallo ba, ƙohwa taka kallo. Tana ta hwaɗi a hankali, awa mai lallashin jinjiri. Ni dai na bar ƙilga. Sai da nig ga kun taho niƙ ƙwanƙwasa tebur, tay yi shiru, tam miƙo yatsa."

"Ba ta ce ka hwaɗa min ba?"

"Ta ce in na hwaɗa maka ba ta yahe ba. Shi as sa randa kat tsaya gaban tebur nig ga bakinka na motsi, niy yi ta roƙon Allah kak ka tambaya." Ya mai da tabarau. "Yanzu kam ina ga ta yahe."

Ban san lokacin da hawaye suka zo ba, ni da ban yi kuka a kan kabarinta ba. Ya bar ni na yi abina. Shekara takwas ina fushi da matar nan, ashe ina tsaye a posta ina jiran canjin tambur ita tana can tana kirana.

Da na samu kaina na share fuska da hannun riga. Na ce masa, "Don Allah, ƙaƙa tah hwaɗe shi? Ja tay yi ko datsewa? Gwada min."

Ya yi gyaran murya. Ya rufe ido yana nema. Ya buɗe baki ya faɗi sunana sau ɗaya, a hankali, iya ƙoƙarinsa, sannan ya girgiza kai.

"Ba haka na ba," in ji shi. "Ka yi haƙuri, ban iyawa."

Na ce ba komai, ya sake gwadawa.